Kafin ikilisiya ta ɗauki manhaja

Yau zancen littafin ma'aji za mu yi.

A ikilisiyoyin bakin iyaka, kamar tsakanin Maraɗi da Jibiya, baikon Lahadi yakan zo da sefa da naira cikin kwano guda. To, duk manhajar da aka tallata muku, ku fara tambaya: tana riƙe kuɗi iri biyu, kowane da lissafinsa? Irin su Planning Center, coci-cocin Amurka aka yi wa su, farashinsu da dala ne, kuma sai da intanet. Mu da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar wa'azi! Ƙaramar ikilisiya, Excel ko LibreOffice, wadda kyauta ce, ta ishe ta rajistar baftisma, aure, zakka da baikon zumuntar mata.

Sai kalmar sirri. Na san ikilisiyar da sakatarenta ya ƙaura da ita a kansa, dattawa suka koma bin mambobi gida-gida suna sake rubuta suna. Mutum biyu su san ta, ma'aji da dattijo ɗaya. Duk ƙarshen wata a buga rahoto a takarda, a karanta gaban jama'a. Amma nawa wane ya ba da zakka, wannan kada ya shiga WhatsApp.