Mu Duba Ruwa Kafin Mu Ta Da Inji



Yau za mu yi magana a kan shiga ruwa da ƙaramin jirgi mai inji. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, Kwara ta zama babban tafki daga Yawuri zuwa Kainji. Ruwa mai faɗi kuwa, iska kaɗan ke ta da shi.

To, kafin mu ta da inji, mu duba abu uku.

Na fari, mu dubi gabas, don daga can hadari ya ke tasowa. In gari ya yi baƙi, ko iska mai sanyi ta buso farat ɗaya, mu dakata. Da bazara hadari ya fi zuwa da yamma, saboda haka mu yi sammako.

Na biyu, mu dubi ruwan. In mun ga farin kumfa bisa kan igiyar ruwa, iska ta fi ƙarfin ƙaramin jirgi. In ta riske mu a tsakiya, mu rage gudu, mu fuskanci igiyar da goshin jirgi. Kada mu ba ta gefe, sai ta kifar da mu.

Na uku, hazo. Da hunturu ba a hango gaci, ga kuma kututturan itatuwa da ruwa ya rufe. In ba mu ganin gabanmu, mu jira gari ya washe.

Mu tuna da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu 2021, mutane masu yawa suka halaka. Kada mu cika lodi. Kowa ya sa rigar ruwa. Kasuwar da ta wuce mu yau, wani mako za ta sake ci.

Allah ya kiyaye mu, amin.