Hubert Ogunde, Ɗan Wasan Da Gwamnati Biyu Suka Hana Hawa Dandamali



Da sakataren reshenmu ya zo mini da saƙon cewa ana so in yi magana a kan rayuwar wani mashahurin mutum na ƙasar nan, na tabbata abin da ke ransa shi ne in ɗauko ɗaya daga cikin shugabannin siyasa waɗanda hotunansu ke rataye a ofisoshinmu. Sai na roƙe shi ya bar ni in ɗauko wani Bayarabe wanda sana'arsa rawa da waƙa da wasan kwaikwayo, watau marigayi Hubert Ogunde. Mu da muke zaune a Ikko da Badun da Abekuta mun sha jin sunansa a bakin maƙwabtanmu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san labarinsa. Dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne, mutum ne wanda gwamnatin Turawa ta hana shi wasa, daga baya gwamnatin 'yan ƙasa ita ma ta hana shi, kuma duk ya ga bayansu yana kan sana'arsa. Abin da nake so mu bincika yau shi ne inda ya samo ƙarfin yin wannan tsayin daka.

An haifi Ogunde a shekarar 1916 a wani ƙaramin gari da ake kira Ososa, kusa da Ijebu-Ode. Mahaifinsa ma'aikacin coci ne, kakansa na wajen uwa kuwa mai duba ne na addinin gargajiya, irin wanda Yarabawa ke kira babalawo. Saboda haka yaron ya tashi da kunne biyu: a wajen kakansa yana jin kiɗa da kirari da waƙoƙin da aka gada, a coci kuma yana koyon waƙar taro da kaɗa molon Turawa. Ya yi aikin koyarwa na wajen shekara 8, sa'an nan a 1941 ya shiga aikin ɗan sanda. Ku riƙe wannan a zukatanku, domin mutumin da 'yan sanda suka yi ta kamawa daga baya, shi ma ya taɓa sa kakinsu, ya kuma san yadda umurni ke saukowa daga sama.

Yana ɗan sanda a Ebute Metta ne wata coci da yake zuwa ta nemi ya shirya mata wasa don a tara kuɗin gini. A watan Yuni na 1944 aka nuna wasan a babban ɗakin taro na Glover da ke Ikko, labarin Adamu da Hauwa'u ne yadda yake a littafin Kirista, amma da ganguna da rawa da harshen Yarabanci. Jama'a suka yi na'am da shi ƙwarai. Nan fa ya gane cewa mutane a shirye suke su biya kuɗi su kalli labari da harshensu. A 1945 ya kafa ƙungiyarsa, bai daɗe ba kuma ya ajiye kaki, ya bar albashin gwamnati da fanshonta, ya ce da wasa zai ci abinci.

A wancan zamani wannan ganganci ne babba. Wasan yawo gari gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Yarabawa, domin tun da can akwai masu wasan dodanni da ake kira alarinjo, waɗanda ke bin kasuwanni da ƙofar fada. Amma mai ilimin boko ya bar aikin gwamnati ya ɗauki 'yan wasa yana biyansu albashi, ya buga takardun sanarwa, ya kama hayar ɗaki, ya sa mai sayar da tikiti a bakin ƙofa, wannan ba a saba gani ba. Babbar matsalarsa ma ita ce mata. Iyaye ba su yarda 'ya'yansu mata su hau dandamali ba, don ana ganin abin zubar da mutunci ne, wadda ta shigo kuma da ta sami miji sai ta tafi. Maganin da ya samo shi ne ya riƙa auren 'yan wasansa, har ƙungiyar ta zama iyali guda, mata da 'ya'ya duk 'yan wasa. Ba na ce kowa ya yi koyi da wannan dabara ba, amma ita ce ta riƙe masa ƙungiya shekara da shekaru, suna loda kaya a babbar mota suna bin garuruwa.

To, da ya tsaya kan labaran addini da tatsuniyoyi, da babu wanda zai taɓa shi. Sai ya juya ga abin da ke damun masu sayen tikitinsa. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan ƙasar nan suka shiga babban yajin aiki, wanda ya ɗauki fiye da kwana 40, suna neman a ƙara musu kuɗin tsadar rayuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa kome ya yi tsada. Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa yana cikin manyan jagororinsa. Ogunde ya mai da wannan al'amari wasa, ya sa masa suna Strike and Hunger, watau yajin aiki da yunwa. Ya kuma yi wani mai suna Tiger's Empire a 1946, inda ya kwatanta mulkin mallaka da mulkin damisa. Da ya kai wasan yajin aikin Jos a cikin wannan shekara, 'yan sanda suka tsai da wasan, aka kama shi, aka ci shi tara. A 1947 ya nemi fasfo don ya je Ingila ƙaro sani, aka hana shi, sai da jaridun Ikko suka yi ca a kan maganar kafin a ba shi.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ma'aikatan haƙar kwal a Iva Valley ta Inugu, suka kashe mutum 21, suka ji wa wasu da dama rauni. Ƙasa duka ta girgiza. A 1950 Ogunde ya fito da Bread and Bullet, watau burodi da harsashi: mutane sun nemi abin sawa a baka, an ba su dalma. Da ya iso Kano da wannan wasa a 1951, hukuma ta hana a nuna shi, aka kuma gurfanar da shi gaban shari'a. Ku tuna, a watan Agusta na 1950 ne aka kafa jam'iyyar NEPU a wannan birni, saboda haka a ganina masu mulki na lokacin, Razdan da En'e, ba su cikin halin da za su zuba ido wani baƙo ya tara jama'a yana nuna musu lebura na jayayya da hukuma. Tsoronsu kada abin ya tsallako daga Sabon Gari ya shigo cikin birni.

Aka sami 'yancin kai a 1960, har ma an ba Ogunde aikin shirya wasa na musamman don bikin. Kowa ya ɗauka zamanin hana wasa ya wuce tare da Turawa. Ashe da sauran rina a kaba.

A 1962 jam'iyyar Action Group ta dare biyu, ɓangaren Cif Obafemi Awolowo da ɓangaren mataimakinsa Cif Samuel Ladoke Akintola, wanda shi ne Firimiyan Jihar Yamma. Rikici ya kai har gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. A 1963 aka yanke wa Awolowo hukuncin ɗaurin shekara 10, Akintola kuwa ya koma kujerarsa. A farkon 1964 wata sabuwar ƙungiyar Yarabawa mai suna Egbe Omo Olofin, wadda mutanen Firimiya ke ciki, ta gayyaci Ogunde ya yi mata wasa a Badun. Abin da mai gayya ke sa rai ba ɓoyayye ba ne: a yi rawa, a yabi manya, a watse. Sai Ogunde ya kawo musu Yoruba Ronu, ma'anarsa Yarabawa ku yi tunani. Labarin wani sarki ne, Fiwajoye, wanda mataimakinsa ya ci amanarsa ya miƙa shi hannun abokan gāba aka tsare shi, talakawa suka shiga wahala, har daga bisani gaskiya ta yi halinta. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma ba wanda ke cikin ɗakin nan da yake bukatar tafinta. Firimiya yana zaune a gaba. Bai jira ƙarshen wasan ba, ya tashi ya fita da mutanensa.

Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wa ƙungiyar Ogunde yin wasa a ko'ina cikin jihar, gidan rediyo da talabijin na jihar kuma suka daina sa fayafayansa. Ku auna nauyin wannan hukunci. Jihar Yamma ita ce gonarsa, a nan masu jin harshensa suke, ga shi da mata da 'ya'ya da ma'aikata duk suna ci daga kuɗin ƙofa. Hanya mai sauƙi ita ce ya aika dattawa su ba da haƙuri, ya shirya wani wasa na yabo, a yafe masa. Amsar da ya bayar ita ce wani sabon wasa mai suna Otito Koro, watau gaskiya ɗaci gare ta. Ya ci gaba da wasa a Ikko, wadda take ƙarƙashin gwamnatin tarayya, da sauran wuraren da dokar ba ta kai ba. Waƙar da aka so a binne kuwa sai ta ƙara bazuwa, har yau Yarabawa suna rera ta.

A nan ne nake so mu tsaya kaɗan. Mu Hausawa mun san mawaƙin fada: rigarsa da dokinsa da hatsin gidansa duk daga hannun ubangidansa suke fitowa, kuma mun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba laifinsa ba ne, haka tsarin yake. Ko wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa a bainar jama'a, da izinin sarki ake yinsa, kuma akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Ogunde ubangidansa daban ne. Ubangidansa shi ne akawu da tela da direba da 'yar kasuwa waɗanda ke zaro sule daga aljihu su sayi tikiti. Mutum dubu ne suka haɗu suka ciyar da shi, don haka babu mutum ɗaya, kome girman kujerarsa, da zai iya ɗauke masa akushi gaba ɗaya. Gwamnati ta iya rufe masa ɗakunan taro, kuma lalle ta jawo masa hasara mai yawa, amma ba ta iya saye bakinsa ba, domin tun farko ba ita ke biyansa ba. In kuwa ya yi wa 'yan kallo ƙarya, su ne za su daina zuwa, kuma ya fi tsoron wannan.

Kada kuma in mai da shi waliyyi. Yoruba Ronu wasa ne na ɓangare, ya goyi bayan Awolowo ƙarara, kuma magoya bayan Akintola suna da tasu hujjar: su a ganinsu haɗa kai da jam'iyyar NPC ta Sardauna, kamar yadda suka yi a zaɓen 1964, shi ne zai kawo wa Yarabawa rabonsu a gwamnatin tarayya. Mutum yana iya ganin Akintola ya fi gaskiya a wannan saɓani. Har ila yau, 'yan siyasar baya sun sha ɗauko sunan wasan nan suna kaɗa gangar ƙabilanci da shi, abin da ni ba na so. Amma ko da a ce Ogunde ne bai da gaskiya, gwamnati tana da jarida, tana da rediyo, tana da masu magana da yawunta, kuma ba ta rasa kuɗin da za ta sa a shirya wasan da zai mai da martani ba. Duk ta bar waɗannan ta ɗauko doka.

An ɗage hanin a watan Fabrairu na 1966, kuma wanda ya ɗage shi Gwamnan soja ne, Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi. Wannan ba abin murna ba ne a gare mu, domin juyin mulkin 15 ga Janairu wanda ya ci ran Akintola shi ne ya ci ran Sardauna da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin kunya ne ga farar hula a ce zaɓaɓɓiyar gwamnati ce ta toshe bakin ɗan wasa, mai bindiga ya zo ya buɗe. Mu da muke neman ƙuri'a, muke gayyatar makaɗa da 'yan wasa a tarurrukanmu, muna yi musu liƙi suna wasa mu, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa tun yanzu: ranar da mulki ke hannunmu, wani yaro ya hau dandamali ya kwaikwayi gwamnanmu jama'a suka fashe da dariya, wa za mu fara kira, mai ba shi amsa ko kwamishinan 'yan sanda? Na san amsar da za mu bayar a wannan ɗaki. Mutanen Akintola ma, lokacin da Turawa ke kama Ogunde, da yawansu suna cikin masu neman 'yanci.

Sauran rayuwarsa ta girma ce. A 1967 ya wakilci Nijeriya da 'yan wasansa a babban bajen kolin duniya na Montreal a ƙasar Kanada. A 1970 ya yi rashin uwargidansa kuma tauraruwar ƙungiyarsa, Adesewa, a haɗarin mota. Da ya ga sinima ta fara janye 'yan kallo, sai shi ma ya bi su can: ya yi fim ɗin Aiye tare da Ola Balogun a ƙarshen shekarun 1970, sa'an nan Jaiyesimi da Aropin N'Tenia da Ayanmo, ya kuma gina wurin ɗaukar fim a garinsu. Jami'ar Ife da ta Ikko sun ba shi digirin girmamawa. A 1986 gwamnatin tarayya ta ɗora masa aikin haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa, ya tattaro matasa daga jihohi dabam dabam ya kai su Ososa ya horar da su.

Aikinsa na ƙarshe shi ne fitowa a wani fim na Turawa mai suna Mister Johnson, labarin wani akawu a zamanin mulkin mallaka, wanda aka ɗauka a yankin Jos, inda aka kama shi fiye da shekara 40 kafin nan. Bai ga fitowar fim ɗin ba. Ya rasu a wani asibiti a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990, yana da shekara 73. An mai da gidansa na Ososa gidan tarihi, inda aka adana gangunansa da tufafin wasansa. Daga nan Ikko tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, kuma ina ba reshen matasa shawara su shirya ziyara.

Shugaba, na ci lokaci fiye da wanda aka ba ni.