Amsar Wasiƙunku: Ƙullutu a Jikin Rago

Wani mai sauraronmu daga Magamar Jibiya ya rubuto cewa ya sayi rago da aka shigo da shi ta Ɗan Issa, sai ga ƙullutu ya fito masa a ƙarƙashin kunne. Yana tambaya, ya sa aska ya tsaga?

To, Malam, ajiye askar nan tukuna. Fara ware shi daga sauran bisashe. Sannan ka taɓa wurin. Da zafi? Da tauri ko da taushi? Yana motsi ƙarƙashin fata ko ya kafe? Kwatanta girmansa da goro ko ƙwan kaza, ka sake dubawa bayan kwana 3.

Ƙullutu guda a gindin kunne ko muƙamuƙi sau da yawa kaluluwa ce ta tara mugunya mai kauri. Ka tsaga a turke, mugunyar ta zuba ƙasa, ƙwayar cutar na iya yin watanni nan tana jiran na gaba. Ka ga garin ceton rago guda ka jawo wa garke duka.

Likitan dabbobi kuwa allura zai soka ya zuƙo abin da ke ciki, ya ga mugunya ce, ruwa ne, ko tsiro. Ido kaɗai ba ya rarrabewa, ko da na tsohon dillali ne.

In kuwa ƙuraje ne birjik, ga zazzaɓi, ga ƙin ci, kada ka jira kasuwar Lahadi. Nemi malamin dabbobi yau ɗin nan.