Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Jawabi Ga Jama'ar Gaoui

Iyayenmu da 'yan kasuwa. Birnin Njamena ya bunƙasa har ya iso ƙofar Gaoui, kowane sabon gida da rijiya da masai. Ruwan da ke ƙarƙashinmu kuwa ba shi da nisa, ƙazantar masai takan tsiyaya ta same shi. In ambaliya ta zo, irin ta 2022, sai su gauraye, amai da gudawa su faɗa wa yara.

A bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Ku kai kuka ga mai unguwa da magajin gari, a auna ruwan rijiyoyi, a duba fili kafin a yarda da gini. Kuna biyan harajin kasuwa, haƙƙinku ne. Allah ya tsare mana zuriya.