Baƙin da Suka Zo Santa Tireza: Bishop Mamza, Ziyarar Ibada da Aikin Ikkilisiya a Yola



An nemi in yi magana a kan bangaskiya da ziyarar ibada da zaman ikkilisiya. Na ga ba sai na kai ku nesa ba, tunda a nan Jimeta muna da abin da ya ishe mu nazari, wato babbar majami'ar Katolika ta Santa Tireza da mutumin da ke riƙe da sandar kiwonta tun 2011, Bishop Stephen Dami Mamza.

Ita kanta wannan ikkilisiya matafiya ne suka dasa ta. Limaman ƙungiyar Agustin daga ƙasar Ireland suka shigo Adamawa a 1940, a 1962 kuma Yola ta zama cikakkiyar dayosis a hannun Bishop Patrick Dalton. Bayansa aka yi Bishop Patrick Sheehan, wanda daga baya ya koma Kano, sai Bishop Christopher Abba. Fafaroma Leo na 14 ma, da aka zaɓa a watan Mayun 2025, ɗan wannan ƙungiya ne, ya shugabance ta daga 2001 zuwa 2013, kuma ya sha zuwa Nijeriya a lokacin.

Ɗan Katolika ya san ziyara. Dokar coci ta wajabta wa kowane bishop ya riƙa zuwa Rum lokaci zuwa lokaci, ya durƙusa a kaburburan manzanni Bitrus da Bulus, ya kuma ba Fafaroma rahoton garkensa. Bishop-bishop na Nijeriya sun yi irin wannan tafiya a 2018. Fafaroma Francis ya ware 2025 ta zama shekarar Jubili, ya kira masu bi matafiya masu bege. Ga kuma Hukumar Ziyarar Kiristoci ta ƙasa da ke kai mutane Urushalima da Baitalami da Kogin Urdun. Ban raina ko ɗaya ba. Wanda ya taɓa zama da tsohuwar da ta dawo daga Urushalima, tana ba da labarin Hanyar Gicciye hawaye na zuba, ya san abin ba wasa ba ne. 'Yan'uwanmu Musulmi sun fi kowa gane wannan, domin kakanninsu sun bi ta Chadi da Sudan a ƙafa da jakuna, wasu shekaru suke yi kafin su ga Ka'aba.

Amma akwai abin da ke damuna, kuma zan faɗe shi a gabanku. Kujerar ziyara ta fara zama tukwicin siyasa. Mutum ya je ya dawo, ya liƙa JP, alamar ya je Urushalima, a bayan sunansa, a yi masa walima, alhali maƙwabcinsa da ke kwana da yunwa bai ga wani canji ba. Wannan cuta ba ta bar ɓangare ko ɗaya ba, mu duka ta shafa.

Sai ga shekarar 2014, da wasu matafiya na daban suka zo mana har gida. A watan Satumba Boko Haram suka kama Gulak da Michika da Bazza, mahaifar shi Bishop Mamza. Ranar 29 ga Oktoba Mubi ta faɗi, har suka sauya mata suna, a ranar kuma suka mamaye hedikwatar cocin EYN da ke Kwarhi. Mutane suka fantsama cikin daji da duwatsu, wasu sai da suka ratsa ta Kamaru kafin su iso Yola. Dubban ɗaruruwa suka cika garin nan. Akwai sansanoni a Malkohi da Damare, amma mafi yawan masu gudun hijirar a gidajen jama'a suka sauka, kuma na san a cikin zauren nan akwai waɗanda suka kwana a tsakar gida don su bar wa baƙi ɗaki. Allah ya saka muku da alheri.

Bishop Mamza ya buɗe ƙofar Santa Tireza, dubbai suka shiga. Gani ya kori ji. Duk wanda ya leƙa harabar a wancan lokacin ya ga tabarmi shimfiɗe har ƙarƙashin bishiyoyi, azuzuwan makaranta sun koma ɗakunan kwana, manyan tukwane bisa murhun duwatsu tun asuba. Na ga wata uwa zaune ta miƙe ƙafafu, sun kumbura, tafin duk ya tsage saboda tafiya, goyonta na barci a cinyarta, ita kuwa idonta na kan ƙofa, duk motar da ta tsaya sai ta ɗaga kai ko mijinta ne. Iyayenmu na Zumuntar Mata Katolika su ne suka tsaya a bakin wuta, suna tuƙa tuwon da ba su san adadin masu cinsa ba.

Ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. A tsarin Katolika, Mubi da Michika da Madagali ƙarƙashin dayosis ɗin Maiduguri suke. Da yawa daga cikin baƙin ma ba 'yan Katolika ba ne, 'yan EYN ne da sauran ɗariku, akwai kuma Musulmi. Da bishop ya so kawo uzuri, da ya samu. Bai nemi takardar baftismar kowa ba a bakin ƙofa. Wajen rabon abinci ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malaman Musulunci irin su Imam Dauda Bello, da kuma Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, a lokacin da bama-bamai ke tashi a garin nan, kamar wanda ya tashi a masallacin Jambutu a watan Oktoban 2015.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Waɗannan baƙi kuwa wasunsu sun kusa shekara bakwai a harabar coci, domin ƙauyukansu na gefen dajin Sambisa ba su komu ba. Yara aka haifa a wurin har suka isa shiga makaranta. Tausayin mako guda kowa na iya yi. A shekara ta biyar, lokacin da 'yan jarida suka ɗauke kyamarorinsu, masu ba da taimako suka gaji, a nan ake gane mai bangaskiya. Da tallafin ƙungiyar Missio ta ƙasar Jamus, dayosis ta gina gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin Ƙaramar Hukumar Girei, da makaranta da coci, aka buɗe su a watan Afrilun 2021.

A cikin unguwar kuma bishop ya gina masallaci, saboda iyalan Musulmi da ke cikin waɗanda aka tsugunar, ko da yake ba su da yawa.

Wasu Kiristoci ba su ji daɗi ba, kuma bai kamata a yi musu kallon masu mugun nufi ba. Mutanen da aka ƙona wa majami'u ne, waɗanda suka yi makokin Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika da aka kashe a watan Janairun 2020. Ciwonsu na gaskiya ne. Duk da haka ina ganin bishop ya yi daidai. Musulmin da ke Sangere-Marghi ba su ne suka ƙona coci ba. Wutar da ta kori Kiristoci ita ta kore su, su ma sun binne nasu. In ka ba mutum ɗaki ka hana shi wurin sujada, ka gaya masa ke nan cewa cikinsa ka karɓa, shi kansa ba ka karɓe shi ba. Kuma tun 1965 Babban Taron Vatican na Biyu ya koyar cewa 'yancin yin addini haƙƙin kowane ɗan Adam ne, ya kuma yi maganar Musulmi da girmamawa. Abin da aka rubuta a Rum shi bishop ya gina da bulo a Girei. Mai neman tushe a Littafi Mai Tsarki ya duba labarin Basamariye nagari a Luka sura 10.

Saboda haka ina da roƙo. Shugabannin coci, duk wanda zai tafi Urushalima ko Rum, a kai shi Sangere-Marghi ko Malkohi kafin ya hau jirgi, ya zauna da mutanen, ya ji abin da ya rage musu na gona da magani da kuɗin makarantar yara. Limaman masallatai, ku duba ko za ku yi wa maniyyata haka. Ku kuma masu riƙe da madafun iko, har yanzu akwai mutanen Madagali da Gwoza da ke zaune a garin nan suna jiran ranar komawa gida, ku saka su a lissafinku na bana.

 Allah ya ba Adamawa zaman lafiya.