Kafin ki miƙa ɗanki ga mai reno



Maganar da za mu yi yau ta cikin gida ce, amma ta shafi gari duka: maganar mai reno. Dokar aiki ta Nijar ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14. To mako 14 ɗin nan suna ƙarewa jariri bai ma fara zama ba, uwa ta koma biro, ko lakkol, ko likita. Ƴar kasuwa ma ba ta kai haka ba, ana yin arba'in ta koma rumfa. Da can kaka na nan tsakar gida, gwaggo na nan, maƙwabciya na leƙowa ta katanga. Yanzu ma'aurata da yawa suna gidan haya a Yamai, dangi suna Tasawa ko Madawa ko Mirriya. Dole a nemi wadda za ta riƙe yaro.

Duk inda aka zauna za ka ji iyaye suna kuka: ba a samun mai amana. In ka zauna da ƴan aikin kuma, su ma kukan ke nan: ba a samun uwar ɗaki mai amana. Kowa na neman amana wajen ɗan uwansa. Mu da ke da gida da kuɗin biya, mu ya kamata mu fara ba da ita.

Abu na farko, shekaru. Dokar aiki ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Amma ku duba unguwanninmu: yarinya ƴar shekara tara ko goma tana goye da jariri, zanin goyon ma yana rinjayarta. Ita kanta reno take buƙata, wurinta lakkol. In jariri ya shaƙe da abinci ko ya fara jijjiga, mi za ta yi? Kuka za ta yi, ko ta ɓoye don tsoron duka. Arhar da aka samu wajen ɗaukarta, ran nan ake biyanta da tsada. Shekara 14 ma iyakar doka ce kawai. Jariri dai a ba shi babba mai hankali.

Na biyu, ki san wadda kika ɗauka. Mun san yadda abin yake tafiya: bayan girbi ƴan mata su shigo birni ci-rani, wata dillaliya ta rarraba su gidaje, ƙarshen wata ita ke zuwa amsar kuɗi. Yarinya ta yi wata shida tana aiki ba ta riƙe ko dala ba, sannan a yi mamaki in ta gudu. Ki tambayi garinsu, ki yi magana da iyayenta ko mai riƙonta ko da ta waya ce, ki ji daga gidan da ta yi aiki a baya. Su ma su san gidanki da lambarki. Kuɗin aikinta kuwa a hannunta za a sa.

Na uku, a yi magana a fili tun ranar farko, gaban shaida, ko mai unguwa ko wani dattijo. Aikin mi za ta yi? Reno kawai, ko har da wanki, da girki, da shara, da aiken kasuwa? Wadda aka ɗora wa duk waɗannan, ina idon da za ta sa wa yaro mai rarrafe kusa da murhu ko bokitin ruwa? Ƙarfe nawa take tashi? Wace rana ce hutunta? In ta yi ciwo wa zai biya magani? In damina ta faɗi za ta koma gida noma? A rubuta a takarda, in ba ta karatu a karanta mata da harshen da take ji, Hausa ko Zabarmanci.

Sai kuɗi. Tun watan Janairu na 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne. Na san wasu za su ce: "Ni kaina nawa nake ɗauka?" Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Amma in aljihu bai kai ba, sai a rage aikin: a yi rabin wuni, ko gida biyu su haɗa su biya mace ɗaya babba ta riƙe yaransu wuri guda. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauki wuni da dare na mutum a biya shi da tsohon atamfa da ragowar tuwo. Kuma in wata ya ƙare a biya. "Bari sai an yi albashi", "ina ajiye miki", wannan shi ke kashe zuciyar aiki. Addininmu ma ya hore mu da gaggauta biyan haƙƙin ma'aikaci.

Na huɗu, koyarwa. Kada ki ɗauke ta yau gobe ki fita ki bar mata jariri. Ku yi kamar mako guda tare kafin hutunki ya ƙare, ki ga yadda take ɗaukarsa, yadda take yi in ya ƙi yin shiru. Ki nuna mata komai da hannunki. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai yake sha, ko ruwa ba a ba shi, ko cikin zafin Afrilu. Ki nuna mata yadda za ta ba shi wanda kika tatsa cikin kofi mai tsabta. Wanke hannu da sabulu kafin abinci da bayan an wanke wa yaro kashi. Kwanciya cikin gidan sauro. Ba a girgiza jariri don ya yi shiru, wannan yana iya lalata masa ƙwaƙwalwa. Ba a ba shi jiƙo ko maganin ƴan talla don ya yi barci. Zazzaɓi, zawo, numfashi da sauri, ƙin shan nono: ta kira ki nan take. Ki rubuta lambarki, ta maigida, ta maƙwabciya, da 18 ta ƴan kwana-kwana, ki bar mata kati a waya da kuɗin mota zuwa likita mafi kusa.

Ga kuma abin da na fi so ku riƙe. Ki ce mata: "In yaro ya faɗi, ko wani abu ya faru, ki faɗa mini, ba zan dake ki ba." Kuma ki cika. Wadda aka zaga don ta fasa kofi, ranar da yaro ya bugu a kai shiru za ta yi, kuma shirun nan shi ne haɗarin.

Na biyar, mutunci. Tana da suna, a daina "ke bon, zo nan". Yaranki su ce mata Yaya ko Anti, don yadda kike mata magana haka za su yi mata. Ta ci abin da gidan ya ci, ta kwanta wuri mai ƙofa. Ƴan uwana maza, wannan taku ce: yarinyar nan amana ce a gidanku, kamar ƙanwarku. Maigida ko saurayin gida da ya taɓa ta ya yi laifin da kotu ke hukuntawa, kuma uwar gidan da ta kore ta don rufa asiri ta sa hannu cikin zaluncin. Haka in abu ya ɓace, kada a fara da jakarta kafin a duba ko'ina. Sau nawa ake samun zobe ƙarƙashin katifa bayan an riga an kai yarinya kwamisariya?

Ba na ce a rufe ido ba. Ki riƙa dawowa wani lokaci ba zato. Ki duba jikin ɗanki wajen wanka. In ya fara magana ki saurare shi, in kin ga yana firgita da ita kullum ki bincika. In kin sa kamara a falo, ki gaya mata. In kuma zama ya ƙi, a rabu lafiya: a biya ta cikakke, a sanar da iyayenta, a ga ta isa gida. Ba a korar ɗiyar mutane da dare.

Ranar 16 ga watan Yuni ake tunawa da ma'aikatan gida a duniya, don ranar ce a 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 189 kan haƙƙinsu. Kada mu jira ranar. Kowa in ya koma gida yau ya tambayi kansa: shekarunta nawa, nawa ake biyanta, yaushe rabonta da hutu? Wanda ba ya da mai reno ya tambaya a gidan yayarsa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amanar ɗiyan wasu.