Laifin Na'ura Ko Laifin Mai Amfani Da Ita?

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a Taron Shekara-shekara na Ƙungiya



Ina godiya ga Allah da ya sake tara mu a wannan zaure, ina kuma godiya ga shugabannin Ƙungiya da suka ɗora mini nauyin yin magana a gaban waɗanda suka koya mini riƙon alƙalami. An nemi in yi bayani kan wata gasa da ɗaliban jami'a suka riƙa shiga a fannin tsara na'urori domin sauƙin masu amfani da su. Amma ku yi mini izini in fara da labarin kawuna.

A farkon shekarar 2023, lokacin da takardun Naira suka yi ƙaranci bayan canjin kuɗi, na iske kawuna a rumfarsa ta hatsi yana fama da waya. Mutum ne da zai lissafa maka kuɗin buhu 40 da ka, tun kafin ka gama laluben aljihu. So yake ya tura wa wani manomi kuɗi. Duk abin da wayar ke nuna masa da Turanci ne, lambar asusun kuwa guda 10 ce a jere, kafin ya gama duba takarda ya danna su, sai layin ya yanke, a koma farko. Da ya gwada sau uku, sai ya miƙa wa wani yaro wayar, ya faɗa masa lambarsa ta sirri a gaban jama'a, ya juyo ya ce da ni, "Ɗana, jahilci bai yi ba." Ni kuwa na san ba jahilcinsa ba ne. Wanda ya tsara wannan hanya bai taɓa zama a rumfar hatsi ya ga irin mutanen da za su bi ta ba.

To, ilmin da ke maganin irin wannan matsala shi ne wanda Turawa ke taƙaita sunansa da haruffa biyu, UX, wato nazarin abin da mutum ke gamuwa da shi tun daga lokacin da ya ɗauki na'ura har ya biya bukatarsa ko ya haƙura. Wanda ya yayata wannan suna shi ne wani malami ɗan Amurka, Don Norman, lokacin da ya kama aiki da kamfanin Apple a 1993. Tun a 1988 ya wallafa littafi kan kayan amfanin yau da kullum, inda ya kafa hujja da ƙofa: idan ka ga mutane da yawa suna jan ƙofar da turawa ake yi, to hannun ƙofar ne ya yaudare su.

Kada wani ya ɗauka batun ƙofa da waya ne kurum. Ranar 28 ga Maris, 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan da ke sanyaya injin yana tsiyayewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata kuwa an tsara ta ne ta nuna cewa an aika wa bawul ɗin umurnin rufewa, ba ta nuna ko ya rufu. Sai suka ɗauka ya rufu, aka yi fiye da awa 2 kafin a gano. Haka kuma a zaɓen shugaban Amurka na 2000, takardar ƙuri'a ta gundumar Palm Beach a jihar Florida ta jera sunaye hagu da dama, ramukan hudawa a tsakiya. Sunan Al Gore shi ne na biyu a hagu, amma raminsa na uku ne, na biyun na Pat Buchanan ne. Mutane da dama sun yi kukan cewa sun huda inda ba su yi niyya ba, a jihar da George Bush ya ci da ratar ƙuri'a 537 kacal.

Yanzu bari in zo kan gasar. Akwai ƙungiyar masana kwamfuta ta duniya mai suna ACM, wadda aka kafa a 1947. Wani reshenta yana shirya babban taro kowace shekara da ake kira CHI, kan hulɗar ɗan Adam da kwamfuta. A taron 2004, a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, aka fara gasar tsare-tsare ta ɗalibai. Da yake shekarar wasannin Olamfik na birnin Athens ce, sai aka nemi ɗalibai su tsara hanyar da 'yan kallo za su riƙa ba 'yan wasa maki. A 2007 tambayar ita ce yadda za a jawo mutane su riƙa shiga motocin haya na jama'a, a 2008 kuma yadda za a taimaki marasa matsuguni. Taron yana zagaya ƙasashe: an yi shi a Hamburg ta Jamus a 2023, a Honolulu a 2024, sannan a Yokohama ta Japan a 2025.

A yadda aka gudanar da gasar a waɗancan shekaru, ba a shiga a ɗaiɗaiku, sai a ƙungiya ta ɗalibai kaɗan tare da malamin da ke duba su. Da farko za su aika da gajeriyar maƙala da allon bayani. Daga nan alƙalai su tace, su gayyaci waɗanda suka tsallake su je wurin taron su tsaya gaban allonsu suna amsa tambayoyi. A ƙarshe a sake tacewa, 'yan ƙalilan su hau mumbari su kare aikinsu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne abin da alƙalan ke nema. Kyan launi da ƙarfin na'ura ba sa kai ƙungiya ko'ina idan ta kasa amsa waɗannan tambayoyi: Su wa kuka je kuka gani? Me kuka ga suna yi da idonku? Da kuka ba su abin da kuka tsara suka gwada, a ina suka tsaya? Me kuka canza saboda haka? Sau da yawa gwajin farko ma da takarda da almakashi ake yin sa. A zana fuskar waya a kwali, a miƙa wa mutum a ce, "Ga shi, tura kuɗi," a yi shiru a zuba ido. Wani masani, Jakob Nielsen, ya nuna cewa gwaji da mutum 5 kan bankaɗo yawancin matsalolin tsari, kimanin kashi 85 cikin 100 a lissafinsa, don haka ya fi kyau a yi ƙananan gwaje-gwaje ana gyara, da a tara ɗaruruwan mutane sau ɗaya. Duk telan kirki ya san wannan: sai ya auna, ya ɗinka, mai riga ya gwada, sannan ya rage ko ya ƙara.

Iyayena malamai, a nan ne nake ganin 'ya'yanmu suna riƙe da jarin da ba su san darajarsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibinmu ya san gidan da mutum 4 ke amfani da waya ɗaya. Ya san dattijon da ke karanta ajami tiryan-tiryan amma boko ke ba shi wahala. Ya san yadda ake fama a nemo ɓ da ɗ da ƙ a allon waya, har a rubuta "kasa" alhali "ƙasa" ake nufi. A ƙasar Indiya, wata mai bincike, Indrani Medhi, ta yi suna a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalore saboda tsara na'ura mai aiki da hoto da murya domin waɗanda ba su iya karatu ba, kuma ta kai ga haka ne ta hanyar zama da matalauta a unguwanninsu. Babu abin da ya hana a yi irin wannan aiki a kasuwar Dawanau ko ta Maraɗi.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai cikas. Ko ɗalibi ya tsallake zagayen farko, kuɗin jirgi da masauki da rajista da neman biza sun fi ƙarfin yawancin iyaye. Ga kuma wani cikas da ke cikin kawunanmu. Ina koyar da masu digiri na biyu, kuma na lura ɗalibi ya fi son ya kwana gaban kwamfuta da ya yi awa ɗaya a layin asibiti yana kallon yadda ake karɓar kati. Gani yake wannan ƙasƙanci ne ga mai digiri. Ranar da na tilasta wa wasu suka je, sun dawo sun yage rabin abin da suka tsara, aikin kuma ya fi kyau.

Saboda haka ina roƙon wannan Ƙungiya abubuwa uku. Na farko, mu ware wani abu daga asusunmu domin tallafa wa duk tsohon ɗalibin wannan makaranta da ya kai matakin gayyata a irin wannan gasa. Na biyu, 'yan uwanmu da ke aiki a bankuna da asibitoci da ma'aikatu su buɗe wa ɗalibai ƙofa su zo su ga yadda jama'a ke fama, tare da kiyaye sirrin mutane da neman yardarsu. Na uku, da izinin Shugaban Makaranta, mu kafa tamu ƙaramar gasar a nan. Ba ta bukatar kwamfuta ko ɗaya. A ba ɗalibai aikin gyara takardar neman fita, ko layin ɗakin cin abinci, ko allon sanarwa, a ba da kyauta ga ƙungiyar da ta fi sauraron masu amfani da abin.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, idan kun je hutu, ku zauna kusa da kakanninku lokacin da suke amfani da waya. Kada ku karɓe ku yi musu, kada kuma ku yi dariya. Ku lura da inda suka tsaya, ku rubuta, ku tambayi kanku yadda za a gyara. Kawuna har yau yaro yake ba wayarsa, kuma har yau kansa yake zargi. Ina fata cikinku akwai wanda zai tsara abin da zai sa ya riƙe wayarsa da sirrinsa a hannunsa.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.